Gida Arba'in da Uku

Zuwa ga ɗana Tanwir, a Lahor.

Assalamu alaikum. Ƙanwarka Rubina lafiya, tarin babanka ya yi sauƙi. Shamshad maƙwabciyarmu ce ba lafiya, ko shayi ba ta sha.

Ranar Talata aka kira ta a waya, aka ce 'yan sandan Dubai sun kama ɗanta. Mai kiran ya san sunan yaron, ya san mijinta ya rasu, har ciwon sugarta ya sani. Ta sayar da baunar da take tatsa, ta tura kuɗin. Ashe yaron yana wurin aikinsa lafiya ƙalau.

Tanwir, ka tuna littafin da ka ba ni ka ce in bi gida-gida, wai rajistar magani kyauta ce? Gida arba'in da uku na rubuta: lambar waya, ciwon kowa, da wanda ke da ɗa a waje. Mata suna tsokanata, wai "Parwin, kin koyi baƙi da furfura, yanzu kin zama likita!" Ina kwafin da ka ɗauka ya je? Ban yarda da waya ba yanzu. Ka ba direban motar Multan amsa ya kawo mini.

Mahaifiyarka.

*

Inna,

Ina gaishe ku. Ki gafarce ni, babu wani magani. Wurin aikinmu sunaye muke sayarwa a intanet. Sunan mutum da lambar waya kawai, rupi biyu. Idan da ciwo, talatin. Matar da mijinta ya rasu kuma tana da ɗa a waje, ɗari biyu. Maigidanmu ya ce littafinki ya fi na kowa tsada, domin mutane sun yarda da ke, ba su ɓoye miki komai ba. Wallahi na ɗauka masu tallan magani ne ke saye.

Na nemi in janye shi, aka yi mini dariya. An sayar sau goma sha ɗaya, wanda ya saya ma sayarwa yake.

Inna, layin farko ke ce. Da sunanki kika gwada biron, har da nawa.

Tanwir.

*

Tanwir,

Babanka ya ce in jefa littafin a murhu in yi shiru. Ban ƙona ba. Na ɗauke shi ina bin gidajen yadda na rubuta su, ina faɗa musu. Na yi goma sha tara. Shamshad ba ta zage ni ba, ta dai ce, "Yaya, rubutunki ya yi kyau," ta rufe ƙofa.

Yau da hantsi wayata ta yi ƙara. Wani ya ce kana hannun 'yan sanda, na ji ana kuka a bayansa. Na kashe. Na san ƙarya ce. Amma sai na tuna irin aikin da kake yi.

Ka rubuto da hannunka kafin Juma'a. Ko layi ɗaya ne.

Allah ya tsare ka.

Mahaifiyarka, Parwin.