Kujerun Aro da Tallafin Baba

Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya buɗa maka aikin da ya fi wanda ka rasa. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in hadari ya haɗu.

Maganar tallafin damina ce ta sa na ɗauki biro, kuɗin nan da gwamnati ke ba tsofaffi duk shekara, wanda Baba ke gyara rufin ɗaki da shi. Bana an ce aljihun gwamnati ya yi ƙasa, ba kowa zai samu ba, sai wanda ma'aikaciya ta zo ta ga buƙatarsa da idonta. To ka san Babanka da baƙo. Da ya ji za ta zo, ya aiki Auta gidan tela aron kujeru, ya sa na shimfiɗa darduma daidai inda siminti ya fashe, bokitan taren ruwa kuwa aka cusa su ƙarƙashin gado. Ya sha rigarsa ta fita har da turare. Baiwar Allah ta tambaya ko akwai mai taimaka masa, ya gyara zama ya ce ɗansa na waje ba ya bari su nemi komai. Ina tsaye bakin ƙofa kamar in nutse. Ta sha ruwa, ta yaba gidan, ta tafi. Sunansa bai fito ba.

Na bi ta ofis. Ban ga laifinta ba, ita ma a gajiye take, ga layi har waje. Ta ce za ta sake dubawa kafin a rufe, in na shaida cewa ba abin da ke shigowa daga wurinka, amma dole Baba ya sa hannu. Ka ga ke nan zai karanta abin da muke ɓoye masa tun da aka sallame ka. Abin ya tsaya min a rai, don ruwa na ɗiga kusa da filonsa, kuma na san yadda yake cika baki da kai a gaban mutane. Sirrinka ne, ba zan buɗe ba sai ka ce. Amma in za ka bi tawa, ka kira shi ka faɗa masa da bakinka, kada ya ji daga takarda.

Inna da Gwaggo da Auta suna gaishe ka. Ka gaida matarka, ka shafa min kan yara.

Ƙanwarka mai jiran amsa.