Yarinyar da ke Allon Ƙofa

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙafar Inna, ta saki kuwa? Yaya maigidanki da yara? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Na fara koyon wayarin a kwalejin sana'a, kuma ni kaɗai ce mace a ajinmu. Malaminmu wani dattijo ne da ba ya dariya, ana ce masa Malam Tasta, don ko salla zai yi tastarsa, abin gwada wuta, na aljihun gaba. Ranar farko ya dubi hannuna ya ce, "Wuta ba ruwanta da mace ko namiji. Je ki yanke farcen nan." Na yanke, kuma wallahi maganar ta yi mini daɗi.

Saƙon Inna ya iso. Wai sabon ɗakinta ba mai sa masa waya sai autarta, gara ta zauna da tocila har in gama. Sai da na yi hawaye. Ki ce mata in Allah ya yarda ni zan kunna mata shi.

Ga abin dariya. Jiya baƙi suka zo, masu ba kwaleji kayan aiki. Aka fito da ni daga aji, aka kifa mini sabuwar hular kwano, aka danƙa mini filaya, aka ce in yi murmushi. Hular har hanci take sauko mini.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kowa. Da fatan zazzaɓin ƙaramin naki ya sauka.

Abin da na ba ki labari ina dariya ya daina ba ni dariya. Baƙin nan ba sa ƙarewa. Da mun shiga ɗakin aiki, na fara feƙe waya, sai ga matar ofis a bakin ƙofa tana yafito ni. In sa hula, in tsaya gefen shugaban kwaleji, a tafa, in bi baƙi har mota. Suna tafiya a karɓe hular a kulle a kabad. In dawo aji in tarar ana share ƙasa.

Ranar da aka koyar da haɗa akwatin fis ina can ina riƙe wa baƙi lema. Ranar wayar ƙasa, wadda ke hana wuta kama mutum, ina ɗaukar hoto. Dogo, abokin zamana a benci, yana ƙoƙarin nuna mini, amma shi ma da ƙyar yake jan nasa. Har ya laƙa mini suna Hajiya Talla.

Malam Tasta ya bi ni ofis sau ɗaya, ya ce a ba shi ɗalibarsa. Shugaba ya ce, "Malam, injinan da kake koyarwa da su, murmushin yarinyar nan ne ya kawo su." Ni kuma ya juyo ya ce, "Ke ce fuskar makarantar nan, 'yata." Fuska kawai, Yaya. Hannun ba wanda ya tambaya.

Yanzu an kafa ƙaton hotona a ƙofar shiga, ina datse wata waya da ba ta haɗe da komai. Na ji an kai wa Inna a wayar hannu tana ta nuna wa maƙwabta. Raina a ɓace yake, ga jarrabawa ta matso.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki karanta wannan ke kaɗai.

An yi jarrabawar aikin hannu. Aka ba kowa allo ya haɗa ƙwai da soket da akwatin ƙarfe. Nawa ƙwan ya kama, har na fara murna. Malam ya zo ya ɗora tastarsa a jikin akwatin, sai ta kawo wuta. Ashe na juya wayoyin, ƙarfen gaba ɗaya ya ɗauki lantarki. Ya ce a hankali, "Da gida ne, wanda ya fara taɓawa sai dai a ɗauke shi." Ya kayar da ni, ya ce in maimaita zangon, shi zai tsaya a kaina. Kin san Allah, ban ji haushinsa ba. Shi kaɗai ya ɗauke ni ɗaliba.

Da sakamako ya fito sai na ga na ci, har da yabo. Na je ofis. Shugaba ya yi dariya ya ce, "Yarinyar da ke allon ƙofa ta faɗi? Me za mu gaya wa baƙi?" Na roƙa a bar ni in maimaita, ya ce wanda ya gama ba ya komawa aji, gurbina ma an ba wata. Na gan ta da zan fita, matar ofis na gyara mata hular.

Ga takarda a hannuna, an rubuta ƙwararriya. Inna ta aiko wai ta sayi ƙwai da waya, tana jirana ranar da zan dawo, har ta gayyaci maƙwabta su zo su ga aikin autarta. Yaya, na kasa faɗa mata da bakina. Ki nemi mai wayarin na bakin titi ya yi ɗakin kafin in iso, ki ce mata duk abin da kika ga dama. Gara ta yi fushi da ni. Inna ba ta sa takalmi a ɗaki, kuma ni ina tsoron hannuna.

Taki har kullum,
Auta