Jirgin Ɗayyabu a Cikin Tabarma

Nasarawan Doya,
Makarfi.

Zuwa ga 'yata Firdausi,

Assalamu alaikum. Kafin komai, kada ki karanta takardar nan a gaban mijinki, kuma kada ki fara nema wa ƙaninki uzuri tun ba ki kai ƙarshenta ba. Na san halinki.

Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara da mutanen Furana baki ɗaya. Yaya jikin surukarki? Allah Ya ƙara sauƙi. Na zaɓi rubutu ne saboda duk abin da na faɗa a waya Malam, mahaifinku, yana ji daga ɗaki, kuma abin da kunnensa ya ji a makon nan ya ishe shi.

Na san ƙanin naki Ɗayyabu yana wurinki. Ban san yadda ya ba ki labarin ba, ga yadda aka yi.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinku, Ɗayyabu ya mayar da ɗakin Malam wajen ƙera jirgin saman nan nasa. Da ya taso daga shagon gyaran waya sai yankan gwangwala da kumfar da ake tattare firji da ita, sai gam mai hawa kai, sai wayoyi da batir. Wai jirgin yaƙi yake kwaikwayo, mai tashi da rimot. Gangar jikin kaɗai ta kai tsawon babban mutum. Na yi faɗa har na gaji, don ni ban ga abin da namiji mai gemu zai yi da kayan wasa ba. Amma Malam ya ce in bar shi. Da hannunsa mai lafiya yake riƙe masa fiffike har gam ya bushe, kuma lokacin kaɗai nake jin dariyarsa.

Ranar Laraba da sassafe Ɗayyabu ya kira abokansa su kai jirgin filin makaranta a gwada. Don kada raɓa ta taɓa fentin, ya cire fikafikan, ya naɗe gangar jikin a tabarma, ya ɗaure da igiya. Suka ɗora a kafaɗa suka fita ta zaure shiru, wai don kada in ji. Kin san filin makaranta hanyar maƙabarta yake. Kin san kuma duk garin nan sun san Malam yana kwance.

Masu tafiya gona suka ajiye fartanya suka bi bayansu. Malam Hamisu, aminin mahaifinku tun ƙuruciya, ya ture wani yaro ya sa tasa kafaɗar. Da ya ji rashin nauyin abin sai ya fashe da kuka, yana cewa ashe haka ciwo ya cinye bawan Allah. Ƙaninki yana ji, yana gani, amma wai nauyin dattawa ya hana shi buɗe baki sai da suka kai bakin fili. Wannan ba kunya ba ce, Firdausi. Wanda ba zai iya faɗin gaskiya a lokacinta ba, ladabinsa cuta ne.

Ni ina bakin murhu mata suka fara shigowa da salati. Kafin in gane kan zancen, Baffanku Ya'u ya iso tsakar gida yana faɗan an binne ɗan'uwansa ba a gaya masa ba, daga nan kuma ya shiga tambayar wanda zai riƙe fadamar rake. Duk wannan a ƙofar ɗakin Malam, labule kawai ke tsakani.

An ba da haƙuri, wasu ma har dariya suke yi a kasuwa. A gidan nan ba a dariya. Malam ya juya fuska bango. Kunu sai na yi da gaske yake kurɓa, maganin ma ya ce in daina wahalar da kaina. Bai ambaci Ya'u ba, bai ambaci kowa ba. Jiya da la'asar ina gyara masa matashi ya ce da ni, “Ya tashi kuwa?” Na ce ba a ma kwance shi daga tabarmar ba, yana ɗakin ajiyar makaranta. Ina jin tsoro, 'yata, ke kaɗai na gaya wa.

Saboda haka ki sa Ɗayyabu a mota gobe. Ban yafe masa ba tukuna, kuma har yanzu ban ga amfanin abin ba. Amma zai haɗa jirginsa, za mu fito da Malam tsakar gida, ya bi da shi ta saman gidan nan uban ya gani da idonsa. Ko zai ci abinci bayan nan, Allah ne masani.

Ki gaishe da maigidan da yara, ki riƙa sa mahaifinku a addu'a. Ki kuma shaida wa ƙaninki dokar da na kafa: daga yau babu abin da zai sake fita ta zauren nan a rufe, a kafaɗar mutane, sai wanda Allah Ya kira. Ranar kuwa Ɗayyabu ne zai kasance a gaba.

Mahaifiyarki,
Lantana.