Hannunsa Ya Tafi Ƙugu, Ni Na Rasa Ido

Assalamu alaikum Admin, a sakaya sunana. 'Yan uwa na wannan zaure don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi ƙarfin kaina kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gida.

Ni ɗalibi ne a nan Alƙahira, ina zaune a unguwar Faisal wurin yayata da mijinta. Mijin nata tsohon ɗan sanda ne, kowa Sufeto yake ce masa, kafin ya ajiye aiki shi ke koya wa 'yan sanda harbin fistol a can gida, yanzu kuma abaya da takalma yake sarowa a kasuwar Ataba yana turawa Kano. Mutumin kirki ne wallahi, shi ya riƙe ni tun zuwana. Matsalarsa ɗaya, jikinsa bai san ya yi ritaya ba. In muka shiga cin abinci sai ya zauna yana fuskantar ƙofa, in muna tafiya ba ka isa ka fito da waya ba, kullum lacca, kalli hannun mutum ka bar fuskarsa, ka san wa ke bayanka, wai mai lura ba a mamayarsa. Har ɗalibai na tsokanarsa wai ko salla yake ya san adadin mutanen sahun baya. A Masar ba shi da bindiga, amma in taya ta fashe a titi sai ka ga hannunsa ya tafi ƙugunsa na dama, mu yi ta dariya, shi ma ya yi.

Bara, lokacin da gari ya rikice 'yan sanda suka yi ƙaranci a titi, na raka shi Ataba. Mun dawo bayan la'asar da buhunan kaya, muka sauka daga bas muka shiga lungun gidanmu. Shi ya fara ganinsu, ya ce min a hankali akwai mutum biyu a kan babur suna bin mu tun bakin titi, kar in waiwaya. Ya matsar da ni jikin bango, ya juya ya fuskance su, komai yadda yake koyarwa. Wanda bai zarga ba shi ne na ukunsu, wani mai tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, da ya faka a gefe, mun ma wuce shi, Sufeto ya kalli hannunsa ya ga kofin shayi ne. To shi ya zaro khartush, bindigar nan ƙirar gida mai watsa ƙananan harsasai. Waya da kaya kawai suka nema, ni har na ajiye buhu na ɗaga hannu. Sai kawai na ga hannun Sufeto ya ɗage riga ya tafi ƙugu, da saurin wanda ya yi shekara da shekaru yana yi, ya damƙo iska. Mai tuk-tuk ya yi ihu da Larabci cewa Sufeto na da makami, ya saki wuta.

Ni ta samu. Na ji kamar an watsa min tafasasshen mai a fuska, na faɗi a kan buhun, jini ya cika min baki har ina shaƙewa, na sa hannu in share ido na ji abin da na taɓa ba ido ba ne. Suka gudu ko kayan ba su ɗauka ba. Sufeto ne ya saɓe ni a kafaɗa yana gudu yana kiran sunana, farar rigarsa ta koma ja har ƙasa. A asibiti aka cire idon hagu, har yau akwai harsasan a ƙarƙashin fatar kumatuna, ina jin su duk lokacin da na yi alwala.

Ga inda matsalar take, Sufeto bai san hannunsa ya motsa ba. Na saurare shi yana ba mutane labari ba sau ɗaya ba, cewa yake haka kawai suka yi harbi don mugunta, kuma na rantse ba ƙarya yake ba, hakan ya yarda. Shi ya yi jinyata, shi ya riƙa wanke min ciwon yana hawaye, da wane bakin zan faɗa masa? Ko yayata ban faɗa wa ba. Ina son bawan Allahn nan, amma wani lokacin in na kalli hannun nan nasa yana ba ni abinci sai in ji zuciyata na tafasa.

Yanzu ya je ya sayo fistol ta bayan fage, ba lasisi ba komai, tana saman kwaba, ga yara a gida. Makon jiya mai kawo mana tukunyar gas ya biyo bayansa a matakala, sifanarsa ta bugi tukunyar, kafin ka ce me Sufeto ya juya ya maka shi da bango, ya fasa masa baki da gindin bindiga, ya danna masa bakinta a wuya. Na fito na tarar da haƙoran mutumin a kan matakala, ya jiƙa wandonsa yana salati. Da ƙyar mai gadin benen ya kashe maganar da ma'alish ma'alish, wato a yi haƙuri, amma kowa ya san in ta je kunnen hukuma kurkuku ne. Yayata ta ce ko ya fitar da bindigar ko ta kwashe yaranta ta koma gida, ya ce ta tafi in tana so, shi dai ba zai sake tsayawa hannu rabbana a harbe masa iyali ba, ya nuna fuskata ya ce ta kalla da kyau. Fuskata ce hujjarsa a kowace rigima.

Ranar Juma'a ya kira ni ɗaki wai dole in koyi harbi. Ya cire harsasan, ya ɗora min ita a hannu, ya tsaya a bayana yana gyara min ƙafa da kafaɗa, muryar malami ta dawo masa, ya ce, "Yalla, daidaita, rufe idon hagu." Sai ya tuna babu idon. Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska ya ce, "Ka yafe min ƙanena, da ina da ita ranar nan, da idonka na nan." Maganar ta zo min har bakina, na haɗiye ta.

Tsoro biyu nake ji. In na yi shiru, wata rana wani zai biyo bayansa a matakala, kuma wannan karon hannun ba iska zai damƙo ba, yana iya zama ɗansa ne ya dawo daga makaranta. In kuma na faɗa, mutumin da ke kuka a kan laifin da yake ganin na wasu ne, ban san me zai yi wa kansa ba in ya gane nasa ne, ga bindiga a saman kwaba.

Don Allah iyaye da yayye na wannan zaure, ya zan yi? In faɗa wa yayata tukuna, ko in tare shi ni kaɗai? Kuma ta yaya ake gaya wa mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗarsa cewa ba rashin bindiga ne ya ci idonka ba, hannunsa ne da ya je nemanta?