Ɗingishin Baba

Iskandariyya, Talata.

Zuwa ga Yaya Sabriyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinki, ya sanyin Suwais? Ina fatan maigidanki Usta Hamdi da yara kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Yau da safe na ga Baba. Kada gabanki ya faɗi, a madubi na gan shi.

Ciwon ƙugun nan da nake ɓoye muku ya kai ni ga kasa ɗaga akwatin kifi a kasuwa. Maigidana ya ce ko in nemi magani ko ya nemi wani. Sai abokina Ashur ya ja ni wajen wani likita, Dakta Nashid, wanda da hannu yake duba mutum. Ya sa na tuɓe riga na ba shi baya. Ya daɗe yana kallon kafaɗuna, sannan ya ɗora manyan yatsunsa a ƙasusuwan kwankwasona, ya ce in sunkuya a hankali. Ya bi ƙashin bayana gaɓa-gaɓa kamar yadda Inna take tsince tsakuwa a shinkafa, inda ya tsaya ya danna kuwa nan ne wajen, sai da na yi ƙara. Ya kwantar da ni, ya haɗa idon sawuna biyu, ya gwada da igiya. Har takalmina ya juya ya duba.

Na ce masa kada ya wahala, ƙafata ta hagu gajera ce, gado na yi. Ashur ya ce, "Gaskiya ne likita, in yana tafe kamar kwale-kwale a ranar iska." Likita ya ce, "Gado? Mahaifinka da ita aka haife shi?" Na ce a'a, taragon rake ne ya taka shi kafin a haife mu. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, ashe tarago ma ana gadonsa? Ƙafafunka tsawonsu ɗaya. Taka zuwa madubin can."

Na taka, Yaya, sai ga Baba yana tahowa. Kafaɗar nan da take faɗuwa, hannun daman da yake lilo. Na tuna safiyar da nake binsa gona, ina sa ƙafata a sawunsa cikin laka, gajere da dogo, gajere da dogo, ke kina baya da tulun shayi kina cewa jaki da ɗansa. Ashe tun lokacin na ɗauka ban ajiye ba.

Likita ya ce tafiyar ce take cin ƙuguna. In na koyi taka ƙasa daidai zan warke, in na ƙi, aikin ƙarfi ya ƙare mini. Na yarda. Amma Inna fa? Kin san tun rasuwar Baba, duk ranar da zan zo gida tana saman soro wajen tattabaru, tana kallon hanyar jirgin fito. Ta taɓa ce mini daga nesa shi take gani yana dawowa. Wannan kaɗai ya rage mata nasa. Ki ba ni shawara.

Ƙaninki,
Ragab.

Isna, bayan Sallah.

Yaya Sabriyya,

Barka da Sallah, da fatan kun yi ta lafiya, tarin ɗanki Karam kuma ya sake shi. Amsarki ta same ni. Kin ce in faɗa wa Inna gaskiya, to ban iya ba.

Tun wancan lokacin kullum ina koyon tafiya kamar yaron goye, Ashur na bina yana cewa, "Ango, daidaita kafaɗa!" Ƙugun ya yi sauƙi sosai, na koma ɗaukar kifi.

Da na sauka daga jirgin fito ranar jajibere, daidai nake tafe. Ina zuwa kwanar mai burodi na hango farin mayafin Inna a saman soro. Zuciyata ta karye. Na sauke kafaɗa, na koma gajere da dogo har ƙofar gida, ƙuguna yana zagina.

Na tarar ta sauko, ita da Gwaggo Zakiyya suna gyaran wake. Ko hannunta ba ta bari na sumbata ba, ta ce, "Kai, maƙaryacin banza, tun daga bakin kogi nake kallonka. Wa kake yi wa wasan?" Ta ƙara da cewa, "Ni na haife ka, ni na wanke ƙafafun nan, na san lafiyarsu lau. Na ƙyale ka ne don ina jin daɗin gani, Allah ya yafe mini. Koma wajen mai burodi ka taho irin ta ɗazu."

Na koma, na taho daidai, mutanen layi suna kallona kamar na zautu. Da na iso na ga ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba. Na ce a raina shi ke nan, na kashe mata shi karo na biyu. Sai ta kama hannun Gwaggo ta ce, "Zakiyya, kin gani? Haka babansu ya taho ranar da ya zo neman aurena."

Yaya, mu gurgun kawai muka sani. Ita ta san Baban kafin tarago, kuma shi ta fi kewa.

In kina ganin na ƙara gishiri, ki tambayi Gwaggo Zakiyya, ita ma ta yi kuka har waken ya zube. Ammu Bastawi mai burodi ma yana tsaye, har ya bar burodinsa ya ƙone.

Ki gaida Usta Hamdi da yara. Inna tana gaishe ku.

Ƙaninki mai kewarki,
Ragab.