An Buɗe Kongolam, Amma Na Kasa Zuwa Gida

Gwaggo Haulatu, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni 'yar Matamaye ce ta ƙasar Nijar, aure ya kawo ni Sandamu shekara tara ke nan. Lokacin da aka rufe boda Allah Ya yi wa babanmu rasuwa, ina da cikin wata bakwai. Maigidana ya samo mai babur da zai bi da ni ta daji, ni ce na tsorata na ƙi hawa. Da yayana Sha'aban ya kira yana tambayar abin da ya tsare ni, sai na ce maigida ne ya hana. Wallahi ban san yadda maganar ta fito ba.

Tun daga ranar Yaya ba ya ɗaukar wayar mijina, shi kuwa bawan Allah yana zaton zafin rashi ne. Da aka buɗe hanya sai na fake da takardu, na ce katina na Nijar ya mutu, za a wahalar da mu a bodar Kongolam. To yanzu kullum rediyo maganar sauƙaƙa shige da fice ake yi, maƙwabciyata ma ta je Damagaram ta dawo lafiya. Maigida ya sayo wa Inna atamfa, ya ce bayan Juma'a za mu je gaisuwa, ta ga jikanta. Idan suka haɗu da Yaya, ina zan sa kaina?

Maman Abbas, Sandamu

Maman Abbas, Allah Ya ji ƙan Baba.

Tsoronki ba laifi ba ne. Mai cikin wata bakwai ba ta hawa babur a daji, kuma da kin faɗi haka babu mai ganin baƙinki. Laifin shi ne ɗora wa mijinki abin da bai yi ba. Kada ki ji haushin yayanki, shi ya tsaya kan jana'iza, kuma da abin da kika gaya masa yake aiki.

Ki fara da maigida, yau ba gobe ba, ku biyu a ɗaki. Zai ji zafi, ki bar shi ya ji, kada ki tsaya kare kanki. Sannan ki kira Inna ki gaya mata da bakinki, ita ta san yadda za ta shawo kan ɗanta. Maganar kati kuwa, maigida ya leƙa Kongolam ya tambayi jami'ai abin da ake nema, kada ku dogara da labarin maƙwabta.

Kada ki sake ɗage tafiyar nan. Kin riga kin rasa ganawa da Baba, Inna kuwa tana nan da rai tana jiranki. Allah Ya kai ku lafiya, Ya daidaita tsakaninku.

Gwaggo Haulatu