Keken Tsoho a Bisa Tsamiya

Aliero, Jihar Kebbi,
Watan Sha'aban.

Zuwa ga yayana Attahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah shi sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyalinka da abokan zamanka na Ikko. Allah shi yi wa kasuwa albarka, shi tsare ka da sharrin baƙon wuri. Mu nan gida lafiya lau muke. Albasa ta yi kyau bana, an cika rudun ajiya har an rasa wurin zubawa. Kakarmu Inno, matata ta wasa, tana nan da ƙarfinta, sai dai haƙoran da suka rage mata ba su kai a yi musu rabon gado ba, na kuwa gaya mata in ba ta sake wasu ba zan mayar wa tsoho da abarsa. Matata ta gaskiya kuwa, Hafsatu, ta yaye Anas, shina nan shina cin ƙasa awa wanda aka aika.

Saƙonka ya iso ta hannun direban motar albasa, inda kake tambayar zanen da ka gani a bayan motarsa, na wani dattijo bisa keke mai fiffike shina ƙetare tsamiya. Ka ce gemun ya yi maka kama da na gida. To ba kama ba ce, kakanka Gado ne da kansa, kuma ni na ja mishi. Ka gyara zama, don abin ya faro da dariya amma bai ƙare da ita ba.

Ka san baƙin kekensa da ba shi bari kowa shi taɓa, wanda shike gogewa da gefen rawani. Wata rana bayan azahar na iske shi a garka shina barci ƙarƙashin rumfa, baki buɗe, keken na jingine da tsamiyar bakin rijiya. Shaiɗan ya ce mini ga igiyar guga, ga reshe, ga jika da kakansa, wa zai shiga tsakani? Na jefa igiya, na ja keken sama, na hau na zaunar da shi tsaye bisa babban reshe awa mai shi ya shiga kanti zai fito. Na ɗaure sauran igiyar a gindin itacen, na koma cikin albasa na duƙa ina jira. Niyyata shi farka shi zage ni, shi bi ni da sanda, in sauke mishi kafin la'asar. Da ya tashi sai ya yi ta lalube a ƙasa, har wani mai jaki ya zo wucewa ya yi salati ya nuna mishi sama. Tsoho ya ɗaga kai shina kallon wani reshe daban, shina gyaɗa kai. Ni kuwa ina cikin albasa ina cizon hannun riga don kada dariya ta tona ni.

Abin da ban zata ba shi ne da jama'a suka taru aka kawo tsani, sai ya hana. Ya ce masu tsamiya ne suka ari keken, kuma kayan aro wanda ya ɗauka shi ke mayarwa, duk wanda ya taɓa babu ruwansa. Daga nan magana ta fi ƙarfina. In iska ta taso tayar gaba sai ta yi ta juyawa, mata masu ɗibar ruwa suka ce tafiya shike. Wani ya rantse ya ji ƙararrawarsa a hanyar Gehuru. Wani mutumin Sabiyal ya zo takanas ya duba, ya ce a ganinsa keken ya yi ƙiba tun da ya hau. Kurciya ta yi sheƙa a ƙarƙashin sirdi ta zuba ƙwai, aka ce ai ga shi har ya fara haihuwa. Akuyar Maigari kuma kullum sai ta je ta tsaya a gindin itacen ta ɗaga kai, ba ta ci ba ta sha, har sai an zo an ja ta. Ni ke ƙara wa labarin gishiri a majalisa, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ni na ƙago maganar ƙararrawar Gehuru.

Labari ya kai Jega wurin Tamu mai fenti na Sabon Gari, wanda tun da aka yanke mu daga Sakkwato bai huta ba, kowane mai mota na son a goge tsohon suna a rubuta Kebbi. Ya zo ya kalli tsamiya, ya kalli tsoho, ya koma ya zana abin da ka gani. Na yi ta alfahari a raina, ina cewa wasana ya tahi Ikko ni ban je ba.

A cikin wannan duka ban lura da abu guda ba. Tun da keke ya hau sama tsoho bai sake zuwa Maiyama ba. Ka san ba shi haɗa Jumma'a biyu bai je ya duba ƙanwarsa Gudiya ba, tun da ƙafafunta suka kwanta. Ta aiko sau da yawa tana tambaya ko ta yi mishi laifi ne, daga baya ta aiko cewa in ya mutu ne ake ɓoye mata a faɗa mata gaskiya. Ina wurin aka kawo saƙon, na ga ya sunkuyar da kai. Ranar na so in tona kaina, amma kunya ta hana ni, na ce wa raina gobe.

Ran kasuwar Jega da motar albasar ta dawo, na ce wa tsoho shi zo mu je shi ga kansa. Muka shiga motar haya, na kai shi har gindin zanen. Zane ne babba, Yaya, ka gan shi, ko daga ƙetaren titi ana ƙirga gashin gemun. Sai tsoho ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa katako, ya shafa da tafin hannu, sa'an nan ya tambaye ni a hankali wace irin riga Tamu ya sa mishi, fara ko shuɗiya. Wallahi nan take na tuna reshen da ya kalla ran farko, na tuna dariyar da na yi cikin albasa.

Na ja shi inuwa na durƙusa na faɗa mishi komi. Bai bari na ƙare ba. Ya ce tun ranar ya sani, don da ya lalubi gindin tsamiya hannunsa ya faɗa kan ƙullin igiya, irin wanda shike yi wa bakin buhun albasa, kuma duk duniya ƙaton kai guda ya koya wa shi, aljannu ba su zo karatun ba. Ya ce tun damina hanya ke yi mishi hazo. Zuwansa Maiyama na ƙarshe ya yi karo da jaki, ya sauka shina ba shi haƙuri shina tambayarsa iyali, sai da jakin ya amsa ya gane. Ya ce ya daɗe shina neman yadda zai sauka daga keken nan ba tare da gari ya ce Gado ya gaza ba, sai Allah ya aiko mishi da aljani marar hankali. Shina faɗa shina dariya, ni ina share hawaye da hula a tsakiyar kasuwa.

Hukuncin da ya yanke mini shi ne aljanin da ya ɗora shi zai sauke, kuma shi zai riƙa tuƙawa. Sai da muka jira 'ya'yan kurciya suka tashi, don Inno ta ce ba a gidanta za a raba uwa da ɗiya ba. Yanzu duk Jumma'a ni ke goya shi a kariya zuwa Maiyama, shina riƙe da rigata shina zagin tuƙina tun daga Aliero har Jega, wai in na kayar da shi ba komi, garin masu ɗori muka fito. Ran da muka fara zuwa, Gudiya ta kama hannunsa ta ƙi saki har muka yi la'asar. Mutanen gari kuwa cewa suke masu tsamiya sun mayar da keke da sharaɗin kada mai shi ya sake taka feda, shi ma bai musa ba.

Ya ce kada in gaya wa kowa zancen idon, ko Inno, ko da yake ina zaton ta riga mu sani. Ga shi na saɓa mishi, laifi bisa laifi, amma ciwon ɗan yatsa jiki duka shike taɓawa, kuma ba zan iya riƙe wanga ni kaɗai ba. Ka fi ni sanin hanyar likitocin ido, ka fi ni iya lallashinsa. Kwanan baya ya ce in kwatanta mishi fuskarka, wai ya ji ka aje gemu. Don Allah kada ka jira babbar salla. Ka zo da ƙaramar, tun shina iya raba ka da jaki.

Ka gai da Balkisu da Khalil da 'yar auta Bushira, ka gai da Malam Ya'ƙub mai masaukinka. Inno da Hafsatu suna gaishe ka, Gudiya ta ce a sa maka albarka. In motar ta sake isowa ka duba da kyau, tsoho ya sa Tamu ya ƙara aljani a gaban sirdi shina tuƙi, da kunnuwa awa faifai. Ba sai na gaya maka kunnuwan wa ne ba.

Allah shi sada mu da alheri, amin.

Ƙanenka mai laifi,
Kalilu.